Ranar da Esben Ya Ƙi Gayyatar 'Yan Tsibirinsu

Jama'ar wannan shafi, yau ba da raha na zo ba. Mai saurin hawaye ya nemi hankici tun yanzu.

Akwai wani malami mai suna Vagn a wani ɗan tsibiri na ƙasar Denmark. Tsibirin bai taka kara ya karya ba: makaranta ɗaya, kanti ɗaya, coci ɗaya, sai jirgin fito da ke kai da kawowa. Lissafi da kimiyya yake koyarwa, amma an fi saninsa da kulob ɗin haɗa robot da ya buɗe wa yara a tsohon ɗakin ajiye kwale-kwale na makarantar.

Ta wajen gasa na san shi. Na daɗe ina aikin sa-kai a gasar robot ta 'yan makaranta, ina cikin masu jera ƙwallaye a fili bayan kowane wasa. Vagn dogo ne siriri, kullum hannayensa goye a baya. Ba yanga ba ce, dokarsa ce: shi ba ya taɓa robot. Ko yaro zai yini yana ɗaure noti a baibai, Vagn kallonsa kawai zai yi, iyaka ya ce, "To, me kake ganin zai faru in ka kunna?"

Allah bai ba shi haihuwa ba shi da matarsa Solvej. Yaran kulob ɗin nan su ne 'ya'yansu. Duk ranar haɗuwa sai Solvej ta turo kekenta da farantin kek mai kirfa, tana faɗa wai sun cika mata miji da baƙin mai.

A cikin yaran akwai Esben. Mahaifinsa masunci ne, teku ta cinye shi tun Esben yana ƙarami, ya bar shi da mahaifiyarsa da ƙanwarsa Thyra. Yaron ya zo kulob ba ya magana da kowa. Vagn bai matsa masa ba, ya dai ajiye masa kujera kusa da tasa. A hankali bakin ya buɗe, sai ga shi yaron nan kansa na ja kamar me. In Vagn ya yi tambaya ɗaya, Esben ya amsa uku.

Shi ya jagoranci haɗa robot ɗinsu na farko. Ƙarafan tsohuwar rumfar lambu suka yanka, suka ciro sarƙar tsohon keken Solvej suka sa tana juya tayoyi. Suka raɗa masa suna Gwaggo Gerda, sunan wata tsohuwa mai dafa abinci a makarantar, wadda ba ta sauri amma ba ta taɓa makara ba. Kowace shekara sukan canza hannun robot ɗin daidai da sabon wasa, amma gindin yana nan yadda Esben ya haɗa shi.

Makarantar tsibirin ba ta da manyan azuzuwa, dole Esben ya tafi birnin Aarhus ya ci gaba da karatu. Ranar tafiyar, Vagn ya raka shi har bakin jirgi ya ce, "Ka je ka koyi abin da ban sani ba, ka dawo ka koya mini."

Can ya faɗa cikin ƙungiyar wata babbar makaranta. Su injin yanka ƙarfe gare su mai aiki da kansa, ga riguna iri ɗaya, ga kamfanoni suna rububin manna sunansu a jikin robot. Kafin a ce me, Esben ya zama kyaftin, shi ne kuma mai riƙe rimot. To, a nan kai ya fara kumbura.

Da farko duk ƙarshen mako yana gida. Sai ya koma wata-wata. Daga baya sai hutun Kirsimeti kawai, shi ma in ya zo ba ya leƙa ɗakin kwale-kwale. In Vagn ya turo masa hoton abin da yara suka haɗa, sai ya mayar da hoton babban yatsa, shi ke nan. A Aarhus kuwa kowa yabonsa yake, wai yaro mai taimako. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Thyra ce ta gaji kujerarsa a kulob. Ita ba ta da saurin kansa, amma akwai naci, ga baki kamar reza.

Da kaka ta shigo, Vagn ya fara rama. Ya haye zuwa babban asibiti aka duba shi, likita ya gaya masa gaskiya: ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu. Magani zai iya ja masa lokaci, amma ba zai warkar ba.

Bai ɓoye wa yaran ba. Ya tara su, ya jira kowa ya ɗauki kek ɗinsa, sannan ya ce, "Gasar bana ita ce tawa ta ƙarshe. Kada wanda ya yi mini kuka a kan robot, ruwa da waya ba sa shiri."

Thyra ta zaro wayarta.

"Wa za ki kira?" in ji Vagn.

"Esben mana."

"Ajiye."

"Haba Vagn! Ai dole ya sani."

"Thyra, in kika gaya masa, gobe zai zo, na sani. Zai zauna yana kallona da idon tausayi, yana duba agogo a ɓoye. Wannan zuwan ba na so. In zai zo, ya zo don yana son zuwa." Ya dube ta sosai. "Ki yi mini alkawari. Mahaifiyarku ma na roƙe ta."

Ta yi alkawarin tana haɗiye kuka. Ni dai har yau ban san ko Vagn ya yi daidai ba. Tsoho ne mai taurin kai, kuma taurin kan nan ya ci kowa.

Gasar ƙasa ta zo a ƙarshen hunturu, a wani babban zauren wasanni a birnin Odense. Wasan shekarar shi ne robot ya kwashi ƙwallaye ya zuba a kwando mai tsayi, ƙungiya biyu a gefe ɗaya, biyu a ɗaya gefen. Solvej ta gaya mini daga baya cewa a makon ne ya kamata a kwantar da Vagn a yi masa ƙarin magani, ya ce wa likita a ɗaga, yana da wurin zuwa.

Da safe 'yan tsibiri suna shirya teburinsu sai ga Esben ya zo wucewa da abokinsa Valdemar, wani ɗan masu hali da ba ya buɗe baki sai da gatse.

Thyra ta ɗaga murya. "A'a! Ku tashi ku gaida manya, ga Yallaɓai ɗan birni. Ashe kana raye? Mama har ta fara tunanin ba da hayar ɗakinka."

"Ke dai bakinki bai mutu ba," in ji Esben. Ya juya ya miƙa wa malaminsa hannu. "Sannu Vagn."

"Esben! Kai, ka ƙara tsayi. Zo ka zauna, Solvej ta yi kek."

"Ina sauri ne, za a duba mana robot."

Jama'a, mutumin nan ya rame har rigar sanyinsa ta zama kamar ta aro. Idanunsa sun faɗa. Ni da nake bare na gani daga nesa. Amma Esben bai kalli fuskarsa ba, robot ɗin da ke kan tebur yake kallo.

"Wai har yanzu wannan gindin kuke amfani da shi?"

"Wanda ya haɗa shi ya iya aiki," in ji Vagn yana murmushi.

Valdemar ya leƙa ya kwashe da dariya. "Kai, sarƙar keke ce wannan? Esben, a nan ka taso? Gaskiya ka yi ƙoƙari da ka tsira."

Esben ya yi dariya shi ma. Suka wuce.

Aka shiga wasannin share fage. Gwaggo Gerda ba ta da kyan gani, tafiyarta ma kamar mai ciwon ƙugu. Amma ba ta tsayawa. Ta ɗebo, ta zuba, ta koma. Manyan robot suna gudu suna karo da juna, wannan hannu ya karye, wancan ya kife, ita tana nan tana aikinta. Robot ɗin su Esben, mai suna Walƙiya, ya fi kowa gudu da iya jifa, amma kwamfutarsa ta ɗauke a wasa biyu ya tsaya cak a tsakiyar fili.

Da aka fitar da sakamako, zauren ya ɗauki sowa. 'Yan tsibiri ne na ɗaya. Su Esben na huɗu.

Ga yadda al'adar gasar take. Ƙungiyoyi huɗu na sama su ne jagorori, kowacce za ta zaɓi abokiyar tafiya zuwa wasannin ƙarshe. Ta ɗaya ke fara zaɓe, kuma tana da ikon kiran kowa, har da 'yan uwanta jagorori. Kyaftin zai fito gaban jama'a ya kira suna a lasifika, kyaftin ɗin waɗanda aka kira ya fito ya amsa, ko ya karɓa ko ya ƙi. Ƙin halal ne a doka, amma ba kasafai ake ƙin ta ɗaya ba.

Lokacin abincin rana yaran tsibiri suka zauna a ƙasa da baƙin burodinsu suna shawara. Yawancinsu sun fi son ƙungiya ta uku, don robot ɗinsu bai taɓa lalacewa ba. Thyra ta juya wajen Vagn.

"Kai me ka gani?"

"Ni ba na zaɓe. Ku kuka haɗa, ku kuka tuƙa."

"Na sani. Ba shawarar malami nake tambaya ba. Kai, Vagn, me kake so?"

Ya ce, "In da tsoho yana da ƙuri'a, da na so in tsaya a bayanku ke da yayanki a gefe ɗaya na fili. Ko da wasa ɗaya ne. Ci ko faɗuwa bai dame ni ba."

Babu yaron da ya ƙara ambaton ƙungiya ta uku.

Thyra ta tashi ta nemi Esben a teburinsu, ta ja shi gefe.

"Ku za mu kira."

"Kada ki fara."

"Me ya sa? Mu ne na ɗaya fa."

"Sa'a ce kawai kuka taka, ke ma kin sani. Mun riga mun shirya da 'yan garin Roskilde, robot ɗinsu ya dace da namu. In na karɓi naku, mun zama 'yan rakiya, a rubuta cewa tsibiri ne ya ja mu."

"To sai me? Ba daga can ka fito ba?"

"Thyra, gasa ce wannan, ba cin abincin Kirsimeti ba."

"Esben, don Allah. Yau ɗaya dai. Ba don ni ba, don Vagn."

"Vagn ya fi kowa sanin yadda ake gasa. Baɗi ma rana ce."

Maganar ta zo mata har bakin leɓe. Kalma uku kawai za ta faɗa komai ya canza. Ta waiga ta hango tsohon zaune yana kallonsu, ta tuna alkawari, ta haɗiye.

"Zan kira ka duk da haka," ta ce. "In ka iya, ka ƙi a gabansa."

Ta ɗauka ba zai iya ba. Wallahi ni ma da na ji labarin haka na ɗauka.

Aka tara kyaftin-kyaftin a tsakiyar fili. Thyra ta karɓi lasifika, ta gayyaci ƙungiyar Aarhus. Waɗanda suka san wa da ƙanwa ne suka fara tafi tun kafin a amsa. Na ga Vagn ya dafa kafaɗar Solvej ya miƙe tsaye, yana gyara wuyan rigarsa.

Esben ya fito. Ya kalli Valdemar, Valdemar ya ɗaga masa gira.

"Mun gode da gayyata," ya ce, "amma ba za mu karɓa ba."

Da ya tsaya a nan, da da sauƙi. Sai shaiɗanin lasifika ya ɗebe shi, ya ƙara da cewa, "Mu gasar robot muka zo, ba baje kolin kayan tarihi ba."

'Yan ƙungiyarsa suka yi dariya. Sauran zauren ya yi shiru irin na kunya, don mutanen nan ba abin da suka tsana kamar ɗaga kai. Thyra ta tsaya da lasifika a hannu, fuskarta ta yi ja. Vagn kuwa ya koma ya zauna a hankali.

Thyra ta kira ƙungiya ta uku, suka karɓa da murna. Esben ya ɗauki 'yan Roskilde ɗinsa. Kuma tsarin gasar shi ne ta ɗaya ta kara da ta huɗu a wasan kusa da na ƙarshe, wanda ya ci biyu cikin uku ya wuce. Wa da ƙanwa suka tsaya suna fuskantar juna, fili a tsakaninsu, Vagn a bayan Thyra.

Wasan farko 'yan tsibiri suka ci. Zauren kamar zai tsage.

Ina jera ƙwallaye kusa da su na ji Valdemar yana cewa, "Kyaftin, kayan tarihi fa sun ba mu kashi. In muka fita a hannun keken tsohuwa, ni dai ba da ni za a koma Aarhus a bas ɗaya ba."

Esben ya ƙura wa Gwaggo Gerda ido.

Akwai abin da shi kaɗai ya sani, shi da Vagn. Tun ranar da ya haɗa gindin nan, sarƙar tayar baya ta hagu ba ta zauna daidai ba. In robot ɗin yana tafiya gaba ko baya, lafiya lau. Amma in aka tura shi ta gefe a daidai wannan kusurwa, sarƙar sai ta zame. Ya sha cewa zai gyara, har ya bar tsibirin bai gyara ba. Vagn kuma ba ya taɓa robot, kuma yana jiran yaran su gano da kansu.

Ture robot ɗin abokin hamayya ba laifi ba ne a doka. Da aka busa wasa na biyu, Walƙiya bai nufi ƙwallaye ba. Ya zagayo da gudu ya daki Gwaggo Gerda a wannan kusurwar. Sarƙa ta faɗi. Robot ɗin ya kama juyawa a wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka, Thyra tana ta danna rimot, ba abin da ya canza. Wasu yara a cikin 'yan kallo suka yi dariya, iyayensu suka kwaɓe su.

A ɗan hutun da aka bayar, yaran tsibiri suka durƙusa suka mayar da sarƙar, yatsunsu duk baƙin mai, wani ƙarami yana kuka yana riƙe musu fitila. Vagn yana tsaye a kansu, hannayensa a baya. Na ga yatsunsa suna motsi, amma bai sunkuya ba.

Wasa na uku Esben ya sake dukan wurin. Wannan karon har ƙarfen ya lanƙwashe. Shi ke nan, an fitar da tsibiri.

Ba zan yi muku ƙarya ba, a ranar na ji kamar in cire rigar aikin in je in ja kunnen yaron nan. Su Esben suka wuce wasan ƙarshe suka cinye, aka ba su kofi, aka ba su gurbin zuwa gasar ƙasashen Turai. Da aka miƙa masa lasifika ya gode wa makarantarsu, ya gode wa kamfanoni ɗaya bayan ɗaya. Sunan Vagn bai fito ba.

Ana watsewa tsohon ya ratsa cikin jama'a, yana tafiya yana hutawa, har ya iso wurinsa. Ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ka yi tuƙi mai kyau, Esben."

Esben ya kasa haɗa ido da shi. "Na gode. Ka san dai... gasa ce."

"Na sani. In ka samu sarari ka leƙo mu. Ba don komai ba, mu sha gahawa."

"Zan zo. Bari mu gama da ta Turai tukuna."

"To. Allah ya kai mu."

Thyra ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗauki robot ɗinsu ita da yara suka fita.

Bazara ta fara shigowa, jikin Vagn ya ƙi. Ya ce shi ba zai mutu a asibiti ba, aka dawo da shi gida, aka sa masa gado a falo kusa da taga, ma'aikatan jinya suna zuwa duba shi. Esben yana can yana shirin Turai. Mahaifiyarsa ta kira shi ta ce ya zo gida mana, an kwana biyu. Ya ce bayan gasa. Ta sake kira, ya ce, "Mama, na ce miki bayan gasa."

Ranar da Vagn ya daina iya haɗiye ruwa, Thyra ta fita waje ta karya alkawari, ta kira Esben.

"Ina cikin gwaji, zan kira ki anjima," in ji Esben.

"Vagn yana mutuwa."

"Me kika ce?"

"Ciwon daji. Tun kaka. Ya hana a gaya maka. Sun ce yau ko gobe. In za ka zo ka zo, in kuma sai bayan gasa, to."

Rimot ɗin ya faɗi daga hannunsa. Ko jaka bai ɗauka ba, ya fita da gudu ya hau jirgin ƙasa. A hanya komai ya riƙa dawo masa: rigar da ta yi wa tsohon yawa, yadda yake tafiya yana hutawa, sanyin hannunsa. Duk ya gani a ranar, bai dai duba ba.

Ya isa tashar jirgin fito da la'asar, ya tarar iska ta tashi, teku ta haukace, an dakatar da jirgi sai gobe. Ya roƙi ma'aikatan, ya roƙi wani masunci da ya san mahaifinsa. Mutumin ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ruwan nan ya ci ubanka, ba zan ba shi kai ba." Ga tsibirin can yana hango shi, ba halin zuwa. Ya kira Thyra ya ce ta sa wa Vagn wayar a kunne. Ta ce ya riga ya daina ji.

Da safe iska ta kwanta. Esben ya tsaya a gaban jirgi tun daga tashi. Da suka matso, ya fara hango gidaje. A ƙofar makaranta an sassauto da tuta zuwa rabin sanda, alamar makoki. Ta kanti ma haka. Ta gidan da ke kusa, da na bayansa, har zuwa ƙarshen titi. Ba wanda ya gaya masa komai, sai ya zauna a ƙasan jirgin.

Thyra tana jiransa a tasha, idanunta sun kumbura.

"Thyra, ki yafe mini. Wallahi da na sani..."

"Da ka san me? Cewa zai mutu? Kowa ma zai mutu, Esben. Sai mutum yana mutuwa za ka zauna ka ci kek ɗinsa?" Ta share hanci da bayan hannu. "Ba ni za ka roƙa ba. Wanda za ka roƙa yana can a kwance, kuma ba ya ji."

Suka taka har gidan Vagn. Solvej ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ta rungume shi kamar jiya ya fita. Ta zaunar da shi a kicin ta zuba masa gahawa. Ya kasa ɗagawa.

"Solvej, ya yi fushi da ni, ko?"

"Fushi? Ina ma ya yi. Ni ce na yi fushi, na ce masa yaron nan ya ci amanarka, ya daki wurin da ku biyu kaɗai kuka sani. Ka san abin da ya ce? Ya ce, 'Solvej, shekara nawa rabonsa da robot ɗin nan, amma bai manta ko noti ɗaya ba. Ashe yana tuna mu.' Duk ma'aikaciyar jinyar da ta shigo gidan nan sai ta ji labarin yaronsa zakaran ƙasa, har sun gaji."

Esben ya kifa kai a kan tebur.

"Abu ɗaya ne dai," ta ce. "Daga gadonsa ana jin ƙahon jirgi in ya iso. Duk lokacin da ya busa sai ya ce in leƙa taga in gaya masa su wa suka sauko. Sai in lissafa masa. Sai ya ce, 'To, wataƙila na gaba.' Jiya da aka ce babu jirgi saboda iska, bai ƙara tambaya ba."

Solvej da kanta ta ba ni wannan ƙarshen, kuma ta ce kukan da yaron nan ya yi a kicin ɗinta ba ta taɓa jin irinsa ba. Ya shiga falo ya durƙusa a gaban gadon yana ta magana, yana ba da haƙuri, yana faɗin duk abin da ya kamata ya faɗa a Odense. Babu wanda ya amsa masa.

Darasi: Kada ka jira sai an ce maka mutum yana bakin mutuwa kafin ka girmama shi, don ba kullum ake sanarwa ba. Wanda ya riƙe hannunka lokacin da ba ka iya komai ba, in ya kira ka ka amsa, ko da kana ganin ka fi shi yanzu. Kofi ana ci a baɗi, amma mutum in ya tafi ya tafi, kuma da-na-sani ƙeya ce, a baya take. In akwai malami, ko uwa, ko wani tsoho da kake ta ce wa "zan zo", dakatar da karatun nan ka kira shi yau. Sannan ka tura wa wani labarin, wataƙila shi ma akwai mai sauraron isowarsa.